Laraba: Gwanda da Abarba a Fuskata

Saura mako uku bikin ƙanwata, tabon kurajen da suka feso min tun azumi kuwa ya ƙi barin kumatuna. Yau dai bayan azahar na je asibitin fata. Niyyata a yi min irin gyaran da ke saɓe fatar fuska da sinadari lokaci ɗaya, kamar yadda nake gani a Instagram.

Likitar ta ɗaga haɓata ta duba a hasken fitila, ta tambaye ni ko ina shafa man bilicin. Na ce na daina tun bara. Ta ce, "Hajiya, fata irin tamu idan sinadari mai ƙarfi ya ƙone ta, baƙin tabo take barin miki, wanda ya fi na da." Maganar ta shige ni, don na gani a fuskar ƙawata da ta sayi ruwan saɓe fata a kasuwa ta shafa da kanta. Har yau goshinta bai koma daidai ba.

Da enzayim iri biyu muka fara, wato sinadarai masu sauƙi da ake samu daga 'ya'yan itace. Ashe ɗaya daga gwanda ake samunsa, papain, ɗayan kuma bromelain daga abarba. Matacciyar fatar sama kawai suke narkarwa, ba sa nutsewa ciki. Nan take na tuna yadda Umma ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda kafin ta ɗora tukunya. Aka wanke fuskar, aka shafa, aka bar shi minti 10 tururi mai ɗumi yana bugo ni. Ɗan tsikari kawai na ji a gefen hanci.

Bayan biki, idan fatar ta karɓa, za a gwada asid mai sauƙi: glycolic na rake, lactic irin na nono, ko mandelic da likitar ta ce ya fi lallaɓa fata mai duhu saboda a hankali yake shiga.

Tabon yana nan, amma fuskar ta yi laushi sosai. Sharuɗɗan ne aiki: ba kurkur, ba dirzar fuska har mako guda, sai man kariyar rana mai SPF 30 kullum. Jibi mai gyaran jiki za ta fara wa amarya dilka, na riga na gaya wa Umma ni jiki kawai za a yi min. Man ranar kuma na ajiye shi kusa da buta, tunda kowace alwala sai ta wanke shi.