Sabon inji, tsohon famfo: yadda muka kwana a hanyar Gombe

Shekaranjiya da daddare muka dawo daga Gombe, amma har yanzu in na kai loma baki sai na ji warin fetur a yatsuna. Daga Bauchi kilomita 150 ne da ɗoriya, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, ita ce ta ci mana wuni guda har da kwana. Ɗaurin auren ɗan ƙanwar mahaifiyata muka je, ni da ƙanina da Kawu, a cikin Golf 3 ɗina da aka sauya wa inji ana saura mako guda.

Tsohon injin 1.8 ne mai nozul ɗaya, irin wanda ke zaune a sama kamar kafireto. Ya fara shan baƙin mai yana turnuƙe unguwa da hayaƙi, makanikina ya ce gara a sauke shi. A Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo mini Beljiyam, 2.0 mai nozul huɗu, da wayarinsa da birenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ina jin an ce tu-lita ne kaina ya kumbura, ban ƙara tambayar komai ba.

Ranar da aka ɗora shi motar ta ƙi tashi. Kik ɗin ma da ƙyar yake juyawa, kamar mai nishi. Aka ce batir ne, aka aro na wata mota, ba ta sauya zani ba. Sai da mai wayarin ya leƙa ƙasa ya ga wayar at, wadda ke haɗa giyabos da jikin mota, tana reto ba a ɗaure ta ba. Aka ɗaure, kik ya yi ƙarfi, ga wuta a fulogi, amma inji shiru. Ashe yaron gareji ya juya tiyo biyun nan na mai: baƙin shi ne mai kawowa daga tanki, shuɗin mai mayar da ragowa, shi kuwa ya sa kowanne a gidan ɗan'uwansa. Da aka gyara sai ta tashi, daƙiƙa biyu ta mutu, a sake, ta sake mutuwa. Birenbos ɗin bai san makullina ba. Sai da aka bugo Kano aka aiko da ɗan akwatin tsaronsa da makullinsa a motar haya. Kwana uku ke nan. Na zaga da ita Wunti, na je Yalwa na dawo, lafiya lau, sai dai da safe tana jan kik kafin ta kama. Makanikina ya ce, "Alhaji, inji ne daga ƙasar sanyi, bai saba da garin ba tukuna." Ni kuma na yarda, Allah Ya yafe mini.

Juma'a bayan asuba muka ɗau hanya, da ledar masa mai zafi a cinyar Kawu. Har Dindima ba abin faɗa. Muna haye gadar Gongola, kafin mararrabar Yankari, na tarar da wata tirela tana jan ciki a hawa. Na leƙa, na ga fili, na taka totur. Maimakon ta zabura sai ta shaƙe, ta yi fat-fat ta wajen shan iska, ta koma baya kamar an riƙe mata wutsiya. Kawu ya saki carbi ya kama salati. Na lallaɓa na koma bayan tirelar. In na sassauta ƙafa ta tafi sumul, in na danna ta tuma. Haka muka yi ta rarrafe har ta mutu gaba ɗaya, ba nisa da wani shingen jami'ai.

Ina buɗe bonet wani daga cikinsu ya tako. Bai yi sallama ba, bai ce sannu ba. Ya ga inji fes cikin tsohuwar mota, ya ce a kawo takardu. Ya goge lambar inji da yatsa, ya duba takarda, ya ɗago yana murmushin wanda ya yi tsuntuwa. "Injin sata ne wannan." Na ce, "Yallaɓai, saye na yi, ga hoton rasit a wayar ƙanina." Ya ce waya ba takarda ba ce. Kawu, mai furfura har gira, ya matso ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, biki za mu." Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, koma mota, ba da kai nake ba." Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Awa ɗaya da rabi muna tsaye a rana, sai da babbansu ya zo, ya karanta rasit ɗin, ya miƙo mini takarduna, ya ce in na koma in je a gyara lambar inji a takardun mota. A nan dai gaskiyarsa ce, ban taɓa kawo wa raina hakan ba.

Tsayuwar ta yi mana amfani ɗaya, mota ta huce ta tashi, ta kai mu Alkaleri. Bayan sallar Juma'a muka samu wani matashin makaniki a gindin bishiya. Ya cire robar iska, ya ɗiga fetur da murfin gora, ya ce in yi kik. Ta tashi da ƙarfinta, man na ƙarewa ta mutu. Ya ce, "Oga, wuta lafiya, yunwa take ji." Har nan ya burge ni. Daga nan kuma sai lalube. Ya duba fiyus na 18, ya zare rile mai lamba 167 a ƙarƙashin sitiyari ya sa wani, ya kwanta ya kwance filta ta kusa da tayar baya ya hure ta da baki, wani jan ruwa mai tsatsa ya fito. Ya sa na kara kunne a but, ya murɗa makulli, muka ji famfon da ke turo mai daga tanki ya yi zuuu. "Ka ji ko? Famfo na aiki." A ƙarshe ya sayar mini da fulogi huɗu, shi da bakinsa ya gama cewa wuta lafiya. Kuɗin da ya caje ni a kansu, a Bauchi da saiti biyu zan saya. Amma wanda mota ta mace wa a hanya ba shi da bakin ciniki.

Ta ɗauke mu har Bara, ana kiran magariba ta sake macewa, allurar mai kuma ta kusa ja. A masallacin bakin titi wani dattijo ya ga muna ta kai da kawo da fitilar waya. Bai tambayi sunanmu ba sai da muka ci muka sha. Ya sa aka share soro, aka shimfiɗa tabarma sabuwa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, sannan ƙwaryar fura da nono mai kauri, irin wanda a cikin gari sai dai ka ji labari. Shi da Kawu suka raba dare suna hirar gyaɗa da farashin taki kamar tare suka tashi. Ɗansa direban haya ne, shi ma Golf yake ja. Shi ya ce mini famfon cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi, in mai ya yi ƙasa ga zafin rana sai ya gaji. In cika tanki in bi sanyin safiya, kada in matsa mata. Ya raka ni wajen 'yan bumburutu, ya hana su yi mini kuɗin baƙo. Da asuba na dunƙule kuɗi zan ba dattijon, ya ɓata fuska ya ce, "Haba ɗana, kwanan soro ake saya a garinku?" Kunya ta sa na rasa inda zan sa hannuna.

A giya uku da huɗu muka wuce filin jirgi na Lawanti muka shiga Gombe. Titunan cikin garin sun fi namu, in faɗi gaskiya ko da 'yan Bauchi za su ji haushi, amma zafinsu tun ƙarfe tara ya fara gasa mutum, kuma masarsu ko kusa da tamu ba ta zo ba. Na sauke Kawu a gidan biki, wani ɗan'uwa ya kai ni garejin wani tsohon makaniki.

Baban nan bai taɓa sifana ba sai da ya gama jin labari tun daga Ƙofar Ruwa. Tambaya ɗaya ya yi: "Da aka sauya inji, an taɓa tanki?" Na ce a'a. Ya ɗauko wani ɗan agogon awon ƙarfin turin fetur mai tiyo daga cikin tsumma, ya haɗa shi a bakin bututun nozul, ya ce in tayar. Allura ta hau ta tsaya ƙasa da 2. Ya ce wannan injin 2 da rabi yake so in yana silo, 3 in an zare ƙaramin tiyon iska na ragileta, abin da ke daidaita ƙarfin man. Ya zare, ba ta motsa ba. Ya matse shuɗin tiyo da filaya na ɗan lokaci, nan ma ta ƙi hawa. Ya taka totur da hannu, na ga allurar ta faɗo da idona, daidai lokacin da inji ya yi fat-fat ɗin nan na Dindima. Ya ɗaga kafet ɗin but, ya kwance sukurori uku, ya zaro famfon yana ɗigar mai. "Wannan na mai nozul ɗaya ne, ɗaya da 'yan kai aka yi shi ya tura. Kun kawo doki kun ba shi abincin jaki." Ragar ƙasansa ma ta toshe da laka. Na ce, "Baba, ai yana ƙara, na ji shi." Ya ce, "Ƙara daban, ƙarfi daban."

Cinikin famfo ya ɗauki rabin awa. Mai shago ya fito da sabo a kwali mai ƙyalli da kuma Beljiyam mai datti, na kwalin ya fi araha. Hannuna ya tafi kan kwali, Baba ya buge shi, ya ɗauki mai dattin ya karanta lambar jikinsa, ya jona shi a batir ya saurara. Mai shago ya ce dubu 35, Baba ya juya zai fita, aka dawo da shi daga bakin ƙofa, aka tsaya a 26 har da sabuwar filta. Ladan aikinsa kuwa bai kai kuɗin fulogin Alkaleri ba. Aka ɗaura, allura ta miƙe ta zauna a 2 da rabi, kik ɗaya ta kama.

Ina isa ƙofar gidan ana shafa fatiha. Goro da dabino na samu, da faɗan Inna.

Lahadi muka juyo. Mun tsaya a Bara da buhun sikari ƙarami da sabulu, muka ba jikan dattijon muka gudu kafin ya fito. A hawan Dindima ta ɗaya ɓarin na wuce tirela biyu a jere, Kawu bai ko farka ba. Tsohon famfon yana nan a but cikin leda, na ajiye wa makanikina. Tun jiya nake kiransa, wayar na shiga, ba ya ɗagawa.