Godiya ga duk wanda ya sa hannu a makarantar hutun yaranmu

Salama gare ku iyayena, yayyena da ƙannena cikin sunan Yesu Almasihu. Mun gode wa Ubangiji da ya kai mu ƙarshen makarantar hutu ta yara lafiya, ba wanda ya ji ciwo, ba yaron da ya ɓata a hanya, duk da ruwan Agusta da yadda hanyoyin Maradi ke komawa in an yi ruwa da kuma zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara a wannan lokaci. Ranar rufewa mutane sun yi yawa ban samu na bi kowa na yi mishi godiya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta nan kowa ya ga tashi.

Bana kan tuba da gafara muka tsaya, daga 'yan CI, ajin farko na firamare, har 'yan CM2, ajin ƙarshe. Da Baba Fasto ya kawo maganar a taron malaman makarantar Lahadi akwai waɗanda suka ce abin ya fi ƙarfin ƙananan, a bar su da waƙa da haddar aya. Baba ya ce a'a, yaron da ya iya riƙe wani a zuci har ya ƙi cin abinci kwano ɗaya da shi ai ya isa a koya mishi yafiya. Baba mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ga shi mun gani da idonmu.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda muke sasanta yara a gida da lakwal. Sun yi faɗa, babba ya zo ya daka tsawa, kai ce mishi ya yi haƙuri, kai kuma ce ka haƙura, a kama hannu a tashi. Malamin lakwal na sauri, uwa na da tukunya bisa wuta, ban ga laifin kowa ba. Amma yaron ya faɗa ne don tsoron bulala, bik ɗin da ya ɗauke yana nan cikin aljihunshi, wanda aka cuta kuma ya tafi da abin a ciki. Shi ya sa muka fara da Zakka, Luka sura 19, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajeren nan da ya hau itace don ya ga Yesu. Yara sun san waƙar hawan itacen amma ba su san ƙarshen labarin ba, inda ya tashi tsaye gaban mutane ya ce rabin dukiyarshi zai ba matalauta, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar mishi ninki huɗu. Muka ce musu tuba ke nan, ka faɗi abin da ka yi da bakinka ba tare da "ai shi ya fara" ba, ka mayar da abin mutane, ka kuma daina. Wani ɗan CE1 ya ɗaga hannu ya ce malama, to in na cinye ƙosan ƙanena guda ɗaya huɗu zan saya mishi? Aka yi ta dariya. Washegari mamanshi ta tare ni bakin ƙofa ta ce me kuka gaya ma yaron nan, ya ɗauki dala biyar ɗin da aka ba shi ya tafi wajen mai ƙosai ya kawo ma ƙanenshi. Mama na gode da kika gaya mini, kin ƙarfafa mu fiye da yadda kike zato.

Matasa, ku kam ban san ta inda zan fara ba. Wasan kwaikwayon ɓataccen ɗa na Luka 15 da kuka yi, da tsummoki da zobe da takalmi da babbar rigar da kuka aro wajen dattijo, har wanda ya yi alade ya yi da zuciya ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki, da aka gama muka tambayi yara wa ke da gaskiya, kusan duka manyan suka goyi bayan wan, wanda ya ƙi shiga gida. Wata yarinya ta ce ai ba adalci, shi da ke noma kullum ko ɗan akuya ba a yanka mishi ba. Ɗan'uwan da ya jagoranci wasan bai tsawata mata ba, ya ce ta duba da kyau, uban ya fita waje sau biyu, ya ruga ya tari ƙaramin a hanya, ya kuma bar biki ya fito yana lallashin babban. Kuma Yesu bai faɗa mana ko wan ya shiga ba, nan labarin ya tsaya. Sai ya tambaye su, in ku ne za ku shiga? Aka yi tsit, daga baya gardama ta kaure har lokacin abinci ya wuce. Ni a ganina wannan gardamar ta fi musu amfani da a ce sun amsa "i" baki ɗaya don su faranta mana.

Godiya ta musamman ga ɗan'uwanmu mai koyar da lissafi a kwaleji, da ya ɗauki Matiyu 18 ya mai da shi aikin allo. Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in, yara suka ninka suka samu 490, wani har ya ce zai sayi kaye ya riƙa rubutawa. Sai malam ya kai su misalin bawan nan da aka yafe ma talanti 10,000 shi kuma ya shaƙe ɗan'uwanshi kan dinari 100. Ya nuna musu dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago, kamar mai dako a babbar kasuwa, talanti ɗaya kuma kamar dinari 6,000 ne, wato bashin bawan ladan yini miliyan 60 ke nan. 'Yan CM2 suka cika allo da sifili. Mai kaye da kanshi ya ce ya fasa.

Akwai abu guda da Mama Fasto ta nace a kai kuma ina roƙon iyaye mu riƙe shi. Yafiya ba rufe baki ba ce. In babba ko wani yaro na dukan ka, ko yana taɓa ki inda bai kamata ba, ko yana ƙwace maka kuɗin tara a lakwal, dole ka faɗa ma mama ko baba ko malama, faɗar ba rashin yafiya ba ne. Ta kawo musu Yusufu, ya yafe ma 'yan'uwanshi da suka sayar da shi, amma bai bayyana kanshi nan take ba sai da ya gwada su, sai da ya ga Yahuza ya ce a riƙe shi bawa a madadin Biliyaminu, Farawa 44 ke nan. Mama Allah ya saka miki, don mun sani ana amfani da "ka yafe" a toshe bakin yaro, kuma wannan ba koyarwar Almasihu ba ce.

Tambayar da ta fi nauyi wani ɗan CM1 ya yi ta, ya ce har waɗanda suka ƙona coci za a yafe ma? A gida ya ji labarin. Yawancin yaran nan ba a haife su ba a Janairun 2015 da aka ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai aka kuma rasa rayuka, wasu kuma suna goye a Yunin 2019 da aka sa ma wata majami'a wuta nan unguwar Zariya. Dattijonmu ne ya amsa, bai ɓoye musu cewa abin ya yi zafi ba, ya ce ya yi kuka. Ya ce amma a waɗannan ranakun akwai Musulmi maƙwabta da suka ɓoye Kiristoci cikin gidajensu, kada yaro ya kuskura ya ɗora laifin wasu kan abokinshi na kilas. Ya tuna musu addu'ar da Yesu ya yi ma masu gicciye shi a Luka 23, ya ce shi kam har yau in abin ya taso mishi sai ya sake yafewa. Baba mun gode da ka faɗa musu gaskiya.

Zumuntar mata, shinkafa da wake da kopto da sobo ba su yanke ba, wasunku tun asuba suna bakin murhu da ɗanyen icce. Maƙwabcinmu Alhaji da ya ba mu aron tabarmi da rumfa, ya kuma bar mu muka ɗebi ruwa a famfonshi ranar da namu ya ɗauke, Allah ya bar zumunci, ya raya maka zuri'a. Ɗan'uwa mai adaidaita da ya riƙa kwaso yaran Ali Ɗan Sofo da Bagalam bai karɓi ko dala ba, 'yan kwaya, masu shara, wanda ya kawo injin wuta da kuran ya ɗauke, wadda ta sayi alli da kaye ta ce kada a faɗi sunanta, duka mun gode. Wanda na tsallake ya yi mini aikin gafara.

Iyaye, ayar haddar da muka ba su ita ce 1 Yahaya 1:9, ku riƙa tambayar su da dare kafin a koma lakwal a Oktoba. In sun yi faɗa ku ɗan ba su lokaci kowa ya faɗi nashi kafin a kama hannu. Akwai kwanoni da takalman roba da wata 'yar rigar ruwa da aka manta, suna ofishin Baba Fasto, a zo a duba ranar Lahadi bayan sujada.