Lambar sirrin da iyaye ke sakawa a wayar yaro su manta

Ni dai sana'ata gyaran waya ce, ɗan ƙaramin shago gare ni da yara biyu da nake koya wa aiki, kuma in ka cire fasasshen gilashi da matsalar bakin caji, abin da ya fi kawo min iyaye shi ne lambar nan da suke sakawa a waya ko tabilet ɗin yaro don su rage masa kallo da wasa. Ranar da aka sayo ake saka ta, lamba 4 kacal, sai a yi shekara ba a waiwaye ta ba, ranar da ake son ƙara wa yaro lokaci ko a sauke masa manhajar karatu sai a laluba a ka a ji wayam.

Kwanaki wata baiwar Allah ta zo min da iPad ɗin 'yarta, yana cikin irin rigar robar nan mai kauri ta yara, gefe ɗaya duk shaidar haƙori. Ko zama ba ta yi ba ta ce "Malam dan Allah ka yi masa filashin kawai, na gaji." Ina dubawa na ga ya rubuta a jira minti 60. Ashe tun dare take gwadawa, shekarar haihuwar yarinyar, tata, ta maigidan, ƙarshen lambar wayarta, duk ta zuba. Shi kuwa Screen Time na Apple, wato wurin da ake saka wannan lambar a taƙaita wa yaro amfani da na'ura, in ka yi kuskure sau 6 zai tsayar da kai minti 1, daga nan 5, sai 15, sai awa guda. Na ce Hajiya ki daina canka, kuma maganar filashin mu ajiye ta tukun, akwai hotunan yarinyar nan da zane-zanenta a ciki, in na goge sun tafi kenan. Tambaya ɗaya na yi mata, waye ya saka lambar, kuma da akawun ɗin wa?

Wallahi wannan tambayar ita ce rabin aikin. Mutane suna ɗauka lambar ce makulli, alhali akawun ɗin da ke bayanta shi ne makullin gaske. Apple ya shigo da Screen Time a 2018 tare da iOS 12, kuma a farko in ka manta lambar ka shiga uku, sai a 2020 da iOS 13.4 ya fito suka buɗe ƙofa. Yanzu in na'urarka ce kai da kanka, za ka shiga setin, ka shiga Screen Time, ka taɓa wurin canza lamba, a ƙasa akwai ɗan rubutu da ke tambayar ko ka manta, ka danna ka saka akawun ɗin Apple da fasawod ɗin da aka yi amfani da su ranar da aka kafa lambar, shikenan ka zaɓi sabuwa. In kuma akawun ɗin yaro ne da ke ƙarƙashin Family Sharing, tsarin Apple na haɗa akawun ɗin 'yan gida wuri ɗaya, toh ba a na'urar yaron ake gyaran ba sam, a wayar wanda ya haɗa iyalin ake yi. Na Hajiyar nan haka yake. Ta kira maigidan, ina gaya masa ta waya yana bi, ya shiga Screen Time a iPhone ɗinsa ya taɓa sunan yarinyar, wayar ta duba fuskarsa, ya saka sabuwar lamba. Ko minti biyar ba a yi ba, ko sukurdireba ban ɗauka ba.

Inda abin ke ci min rai shi ne wanda wani ya buɗe wa akawun. Ka sayi waya, mai sayarwa ko wani ɗan uwa ya karɓa ya ce bari in haɗa maka, ya ƙirƙiri imel da kai ba ka taɓa gani ba, ya saka fasawod ɗin da shi ma ya manta kafin yamma, ko kuma da aka zo wurin da Apple ke neman a ɗaura akawun don ranar mantuwa ya tsallake saboda sauri. Irin wannan sai dai a goge na'urar gaba ɗaya ta kwamfuta a tashe ta kamar sabuwa, kuma ba a dawo da tsohon bakof, wato kwafin bayanan da aka adana, don lambar tana iya biyo shi ta dawo. Bayan an goge ma in Find My, mai nemo na'urar da ta ɓata, a kunne yake, makullin Apple da ake kira Activation Lock zai tare ka ya ce kawo wancan akawun ɗin dai. Shi ya sa ba na taɓa goge komai sai na ga mai abu ya shiga akawun ɗinsa a gabana da hannunsa. Android ma haka take tun sigarta ta 5.1, ka yi fomatin ta tashi tana neman akawun ɗin Google na baya.

Ɓangaren Android dai da sauƙi. In Family Link ne, manhajar kula da wayar yara da Google ya fitar a 2017, babu wata lamba da za ka haddace, manhajar da ke wayar uba ko uwa ita ke ba da lambar buɗewa kuma tana canzawa lokaci-lokaci, abin riƙewa fasawod ɗin Google ne. In kuma fin ɗin Play Store ne kaɗai aka manta, wato lambar da ke taƙaita abin da yaro zai iya saukewa, share bayanan manhajar Play Store a setin ya isa, fin ɗin zai tafi, amma fa duk takunkumin da aka saka shi ma ya tafi, dole a zauna a sake saitawa kafin a miƙa wa yaro. Wannan ina yawan jaddada wa yaran shagona, kar su bar mutum ya fita da waya a buɗe yana zaton a kulle take.

Akwai kuma aikin da ba na karɓa. Yaro ɗan shekara sha uku ko sha huɗu zai shigo shi kaɗai, waya a hannu, ya ce wai babansa ne ya manta lamba ya aiko shi a cire. Wataƙila gaskiya ne, amma ni ban san me uban ya gani ba har ya kulle, kuma amana ce tsakaninsa da ɗansa, ba ni da hurumin warware ta a bayan idonsa. Ba na yi wa yaron tsawa, cewa nake ɗana je ka zo da Baba ko ka ba ni shi a waya. Wasu ba sa dawowa. Wani kuwa washegari ya dawo da uban, kuma da gaske ya manta ɗin, muka zauna ya shiga akawun ɗinsa muka canza. Da ya zo zaɓen sabuwa na ga yatsansa ya nufi shekarar haihuwar yaron, na ce Alhaji wannan ita zai fara gwadawa, canza wata. Ya sa yaron ya juya baya ya saka, na yago takarda na ba shi biro ya rubuta lambar da imel ɗin akawun ɗin, ya ninke ya tura bayan katin shaidarsa a walat.