Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a kan lalurar motata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Hayis ɗina ta warke. Jiya Lahadi ta je kasuwar Illela ta dawo Sakkwato da cikakken lodi, ko tari ba ta yi ba. Kusan mako biyu ina damun jama'a da kira da tambaya, don haka ya zama dole in fito fili in yi godiya, in kuma faɗi abin da aka gano, saboda har yanzu wasu na tsammanin injin na sauke.

Motar mai injin gas ce, samfurin 3L, lita 2.8. Fitilar nan ta T-BELT ta kama, wadda ke tuna wa mutum lokacin canjin bel ɗin taimin ya yi, sai na kai ta gareji aka sa sabo tare da abin da ke ɗaure shi. Na biya na tafi ina murna. Washegari da asuba sai da na ja ki har batir ya fara gajiya kafin ta tashi, salansa na fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gas. Na ce sanyin safiya ne. Da na ɗauko albasa daga Gwadabawa na kamo hanyar gida, a nan ido ya raina fata: totur a ƙasa, mota na kuka, tafiya kuwa babu. Har mai Keke Napep ya wuce ni yana waiwaye. Kafin Kware na sauka gefen titi, don na ji tsoron in ƙarasa ta.

Godiyata ta farko ga direban da ya tsaya ba tare da ya san ni ba, ya kwashe rabin buhunan ya kai su Sakkwato, da samarin ƙauyen da suka yi aikin sauke kaya da lodi cikin rana tsaka, suka ƙi karɓar ko kuɗin ruwa. Alhaji mai kayan, Allah ya saka da alheri. Da na kira ka ina kame-kame, abin da ka fara tambaya shi ne ko lafiyata ƙalau.

Daga nan aka shiga canki-canka. Wannan ya ce gurɓataccen gas na sha, na zubar da na tanki. Wancan ya ce filta, na canja ta mai da ta iska. Aka ce iska ce ta shiga layin mai, muka yi ta famfo har hannu ya gaji. Aka kwance nozul huɗu aka gwada, lafiyarsu lau. Wani ma ya rantse ringin fistin ne, a sauke injin kawai. Ban ga laifin kowa ba, duk waɗannan suna iya kashe wa mota ƙarfi, kuma kowa don Allah ya faɗa. Laifina ne da ban tsaya na yi tunani ba: motar da ta shiga gareji da ƙarfinta, ta yaya ringi zai mutu a dare ɗaya?

Kawuna ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin injin gas. Bai taɓa sifana ba sai da ya sa na tayar da ita, ya saurara, ya sunsuni hayaƙin. Sannan ya ce, "Ɗana, mi anka taɓa mata na ƙarshe kahin ta hwara wanga ciwo?" Na ce bel ne, Baba, amma ai sabo ne. Ya yi murmushi ya ce a buɗe murfin.

Wanda ya san Hayis ya san injin yana ƙarƙashin kujera, wurin a matse yake, ganin alamomin saiti sai da tocila da kwanciya. Baba ya juya karanshaf, wato babbar sandar injin da fistin ke juya ta, da hannu har alamarsa ta zo daidai. Ta kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe shi, ita ma daidai. Da aka haska fulin famfon injekta, wato faifan mai haƙora da bel ke hawa, sai ga alamarsa ta yi baya. Ya ce, "Ka gani? Haƙori guda na."

Yadda ya yi mini bayani ya fi gyaran daɗi. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da wuta kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, famfo ya fesa gas daf da fistin zai kai ƙololuwa, zafin ya kunna shi. Bel ɗaya ke juya kamshaf da wannan famfo, kuma famfon na yin zagaye ɗaya ne a duk zagaye biyu na karanshaf, shi ya sa ƙaramin kuskure a wurinsa ke ninkuwa. Idan feshin ya makara, fistin ya riga ya fara sauka, gas ba ya ƙonewa duka, ragowar ta fita a matsayin farin hayaƙi, ƙarfin ya bi iska. Ya ce fulin famfo yakan zame da kansa lokacin ɗora bel, don haka bayan an ɗaure sai an juya injin da hannu zagaye biyu cur a sake duba alamomin uku. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah ba kamshaf ne ya tsallake haƙora ba, da fistin ya daki bawul, da maganar sauke injin ta tabbata.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaronka da ya riƙe fitilar waya har bayan Isha'i, Allah ya sa ya gaje ka.

Shi ma wanda ya sa bel ɗin tun farko ina gode masa, kuma ba zan ambaci sunansa ko garejinsa ba. Da labari ya kai masa, da ƙafarsa ya zo, ya duba da idonsa, ya ce, "Maigida, kuskurena ne, ka yi haƙuri." Ya kama aka gyara tare, ya kuma nemi ya mayar mini da kuɗin aiki, na ce ya bar shi.

Uwargida, sannu da haƙurin kwanakin da babu shiga sai fita. Yayana da ya ranta mini kuɗin filta, ina sane, ƙarshen wata in sha Allah.

Sai bawan Allahn da ya ba mu aron igiya aka ja motar daga Kware: igiyarka tana wurina, a ruɗe nake ranar ban karɓi lambarka ba. Duk wanda ya san shi ya gaya masa ina bin hanyar kowace Lahadi bayan sallar Asuba.