Taron neman aiki na ɗaliban kasuwanci baƙaƙen fata a Amurka: abubuwan da ake koya bayan an sha wuya

Duk shekara, wajajen watan Satumba, ƙungiyar National Black MBA Association, ta baƙaƙen fata masu digiri na biyu a harkar kasuwanci (MBA), takan yi babban taronta a ɗaya daga cikin biranen Amurka. Dubban mutane ke zuwa, kamfanoni kuma su kafa rumfuna a zaure guda suna neman ma'aikata. Ɗalibin da bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka ranar da aka buɗe ƙofar zauren nan ce ranar fara nema, kuma babu kuskuren da ya kai wannan cin kuɗin ɗalibai. Makonni kafin taron, masu ɗaukar ma'aikata sun riga sun shiga rumbun intanet da masu rajista ke zuba takardunsu na CV, sun tsinci waɗanda suka yi musu, sun raba musu lokutan intabiyu. Wanda ya yi rajista saura mako guda, ya iso da sabuwar kwat da takardu talatin, sai ya tarar guraben ganawa sun kusa cika, ɗan ragowar kuma jama'a na rububinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, Larabar wannan taro kuwa wata biyu ce kafin a hau jirgi.

Ya kamata mutum ya san gidan da zai shiga. A watan Disamba na 1969 akantoci tara baƙaƙen fata suka kafa National Association of Black Accountants, wato NABA, a birnin Niyok, a zamanin da baƙaƙen fata masu lasisin ƙwararren akanta na CPA ba su kai 150 ba a duk faɗin ƙasar. A 1970 aka kafa National Black MBA Association, wadda tushenta ɗaliban Jami'ar Shikago ne, a shekarar kuma Frank Carr ya fara shirin INROADS, mai sama wa matasan al'ummomin da ba su da rinjaye horon aiki a kamfanoni, a birnin. Abin da ya tayar da su duka ɗaya ne: aiki a manyan kamfanoni yana bin sanayya, sanayyar kuma ba ta bi ta unguwannin baƙaƙen fata. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Boston da Shikago. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000, wasu da sunayen da aka fi sani da Turawa, wasu da sunayen da aka fi sani da baƙaƙen fata, cikinsu har da Aisha da Jamal da Rasheed da Hakim. Masu sunan Turawa sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. A taro, takardar nan tana zuwa da fuska da murya, tana kuma faɗawa hannun wanda ya taso takanas don ya ga irinka. Abin da kuɗin jirgi da na otal ke saya ke nan.

Sai dai ba kowane taro ne na kowa ba. Na National Black MBA ya fi karkata ga masu digiri na biyu da waɗanda suka riga suka yi aiki. Ɗan digirin farko mai karatun akanta ko harkar kuɗi zai fi cin riba a taron NABA, wanda akan yi a watan Yuni, inda manyan kamfanonin akanta, Deloitte da PwC da EY da KPMG, suka saba zuwa. Mai son kamfanonin fasaha ya duba taron AfroTech, da aka fara a 2016. Kuma kada a dogara da jerin kamfanonin bara. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023 da ya hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ba da gurbin karatu, kamfanoni da dama sun sauya ko sun rage shirye-shiryensu na jawo baƙaƙen fata. Jerin bana shi ne abin dubawa kafin a biya ko dala ɗaya.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Zama ɗan ƙungiya a matsayin ɗalibi yakan rage kuɗin rajista, yin rajista da wuri kuma ya fi araha. Ofishin shugaban tsangayar kasuwanci da ofishin taimaka wa ɗalibai neman aiki sukan ware kuɗin irin wannan tafiya, amma wanda ya riga tambaya shi ke samu. A adana kowane rasit, domin yawanci sai an dawo ake biya.

Takardar CV ita ce inda ɗan Afirka ya fi tuntuɓe. Irin wadda aka saba da ita a Najeriya, mai ranar haihuwa da jihar asali da addini da aure ko rashinsa, wani lokaci har da hoto, a Amurka tana jawo matsala, domin dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana ɗaukar aiki bisa launi ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, kamfanoni kuma ba sa son ganin abin da za a zarge su da shi. Shafi ɗaya ya isa ɗan digirin farko. A buga a takardar Amurka mai inci 8.5 da 11, don A4 ta fi ta tsawo, takan leƙo daga cikin fayil ta lanƙwashe. Kowane layi ya faɗi abin da aka yi da adadinsa. “Na riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai” bai ce komai ba. “Na riƙe asusun dala 12,000 na ƙungiya mai mutum 80, na rufe shekara ba giɓi” ya ce wani abu. A ɗora ta a rumbun taron da zarar an buɗe shi. Sannan a zaɓi kamfanoni goma zuwa sha biyar, a shiga shafin kowanne a cike neman aikin tun daga gida. Jami'in da ke rumfa, ko ka burge shi, sau da yawa ba ya iya tura ka gaba sai sunanka na cikin na'urarsu, shi ya sa “je ka cike a shafinmu” ta zama amsar da ɗalibai suka fi ji. Wanda ya ce “na cike, ga lambar gurbin” ya tsallake wannan shingen.

Mai bizar karatu ta F-1 yana da ƙarin aiki. Izinin CPT ne ke ba shi damar aikin horo yana cikin karatu, izinin OPT kuma ya ba shi wata 12 na aiki bayan kammalawa, da ƙarin wata 24 idan an lissafa kwas ɗinsa cikin fannonin kimiyya da fasaha. Daga nan sai kamfani ya tsaya masa wajen neman bizar aiki ta H-1B, kuma ba duk kamfani ke yi ba. Tsayuwar minti arba'in a layin kamfanin da ba ya yi asara ce tsagwaronta. A bincika tun a gida, a kuma faɗi gaskiya idan an tambaya, don ƙarya a nan takan fito ranar cike takardun kama aiki.

Ranar taron, kada a fara da kamfanin da aka fi so. Baki yakan yi nauyi a ganawar farko, don haka a fara da biyu daga ƙasan jeri har harshe ya sake, sannan a nufi na sama kafin layi ya yi tsawo, kafin kuma jami'an su gaji. Gabatar da kai daƙiƙa talatin ne: suna, makaranta, shekarar kammalawa, abu ɗaya da aka yi mai adadi, gurbin da ake so, sai tambaya guda da ke nuna an yi bincike. “Me kamfaninku yake yi?” tambaya ce mai kashe magana nan take. Rumfunan da ba su da layi, irin na kamfanonin inshora da masana'antu da bankunan yanki, nan ne ake samun minti goma cur da mutum mai iya yanke shawara, amma ɗalibai sukan wuce su saboda sunan ba ya ƙara a kunne. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, a riƙo batirin cajin waya, a kuma rubuta abu ɗaya da aka tattauna da kowane mutum kafin a shiga layi na gaba, domin zuwa la'asar fuskoki sun cakuɗe.

Akwai darasin da ya fi waɗannan wuya ga wanda ya tashi a gidan Hausawa. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, a kan cewa yabon kai jahilci ne, a kan cewa “mun yi” ko da mutum shi kaɗai ya yi. Tarbiyya ce mai kyau, ba kuma abin zubarwa ba ce. Amma jami'in da ke tsaye a rumfa ba ya karanta ta yadda muke karanta ta. Kau da ido a wurinsa rashin tabbas ne, “mun yi” kuma na nufin bai san naka kason ba. Mafita ita ce a raba yabo da shaida. “Ni gwani ne” yabo ne, kuma ko su ba ya burge su. “Ni na tsara jadawalin, ni na gano kuɗin da aka biya sau biyu” shaida ce, irin wadda mutum zai bayar gaban alƙali ba tare da jin kunya ba. A intabiyu, wanda yakan ɗauki kamar rabin awa a ɗan keɓaɓɓen wuri, a bi wannan tsari: halin da aka shiga, nauyin da ke kanka, matakin da kai ka ɗauka, da abin da ya fito. A tanadi labarai biyar tun daga gida, ɗaya a kan kuskure, ɗaya a kan saɓani da abokin aiki. Suna kuma kada a gutsure shi don sauƙaƙa wa wani. A faɗe shi a hankali, a maimaita sau ɗaya. Mai son ɗaukarka zai koya.

Da yamma kamfanoni kan yi liyafa, wasu sai da gayyata. Idan an miƙo maka gayyata a rumfa, alama ce ka shiga ransu, rashin zuwa kuma yakan zama amsa. Liyafar ci gaban intabiyu ce, ko da ana kiɗa. Akwai giya, amma babu mai tilasta wa kowa. Kofin ruwa ko lemo a hannun hagu ya wadatar, dama ta zauna a bushe don gaisawa. Wadda ba ta musabaha da maza, ko wanda ba ya yi da mata, ya riga ɗora hannu a ƙirji da murmushi da gaisuwa kafin a miƙo hannu, don abin da ke ɓata wuri shi ne barin hannun mutum a rataye. Hijabi ba abin ɓoyewa ba ne: a 2015 Kotun Ƙoli ta ba Samantha Elauf gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch, wanda ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. Taron yakan haɗa da Juma'a, saboda haka a nemi masallaci mafi kusa tun kafin a karɓi lokacin ganawa.

Wata magana da ba a cika faɗa ba, ga ɗalibin da ya zo daga Kano ko Yamai ko Kumasi: waɗannan ƙungiyoyi jikokin bayi ne suka gina su, da gwagwarmayar da ta ci rayuka. Shiga zaurensu da tunanin cewa mu mun fi su ƙwazo rashin kunya ne, kuma ana jin ƙanshinsa a magana tun kafin mutum ya rufe baki. Baƙo mai ladabi yakan tambaya, ya saurara. Dattijuwar da ta shekara talatin a banki ita kaɗai baƙar fata a sashenta ta san abin da babu shi a manhajar kowace jami'a: yadda ake gane shugaban da zai ɗaga ka, yadda ake neman ƙarin albashi, lokacin da ya kamata a bar wuri. A cikin irinsu ake samun mai ba da shawara, a wasu lokutan kuma a samu ubangida, wanda zai ambaci sunanka a ɗakin da ba ka ciki. Ba a roƙon wannan a haɗuwar farko. Ana neman minti goma sha biyar ta waya a kan tambaya takamaimai, a yi abin da aka ce, a dawo da labarin yadda ta kaya. Haka kuma kada a raina ɗan'uwa ɗalibi da ke tsaye a layi. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun sanin shanu fiye da ta aminai, don aminai abin da ka sani shi suka sani. Wanda kuka yi hira a layi bana, baɗi yana iya zama a cikin kamfanin.

Zumunci a ƙafa yake, a nan kuwa ƙafar imel ce. Cikin awa 24 zuwa 48 a aika wa kowa saƙo na layi huɗu ko biyar: inda aka haɗu, abu ɗaya da ya faɗa, gurbin da aka nema da lambarsa, CV a maƙale. Saƙo iri ɗaya ga mutum biyar na kamfani ɗaya yakan tonu, domin sukan tura wa juna. Gayyatar LinkedIn ta tafi da ɗan bayani. Idan shiru ya kai kwana goma a sake taɓawa sau ɗaya, daga nan a bari sai an sami sabon abin faɗa, kamar sakamakon zango ko kammala wani aiki. Idan kuma tayin aiki ya zo da gajeren wa'adi, a nemi a rubuce, a kai ofishin neman aiki na makaranta, don jami'o'i da yawa suna da ƙa'idar kwanakin da kamfani zai ba ɗalibi ya yi shawara, kuma sukan nema masa ƙari. Kada a karɓa da niyyar janyewa in an sami wanda ya fi. Masu ɗaukar ma'aikata a waɗannan taruka sun san juna, suna sauya kamfani, kuma su ɗin ne za a tarar a rumfuna baɗi.