Injin ƙafar da yarona ya kawo mani daga Chana

Tunda mutane sun yi ta tare ni a hanyar Ƙofar Soro suna tambaya wai Malam menene wannan ka ɗaura a ƙugu, bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Inji ne mai taimaka wa ƙafa wajen tafiya, babban ɗana da ke sarin kaya a Gwanzu ya taho mani da shi da ya ga na fara kasa zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, ni da na yi shekaru ina taka keke zuwa koyarwa.

Bel ne ake ɗaurawa a ƙugu da batir ta baya, sai ƴan motoci guda biyu dama da hagu daidai kwankwaso, kowanne da sanda da ta sauko aka ɗaure ta a saman gwiwa. Nauyinshi wajen kilo 2. Shi ba ya tafiya da kai, kai za ka fara ɗaga ƙafa, da ya ji motsin cinyarka sai ya ƙara maka ƙarfi kamar wani ya tallafo ta daga ƙasa. Irinshi ne aka fara ba masu hawa Dutsen Tai haya a lardin Shandong na Chana a 2025, dutsen da ke da matakala sama da 6,000.

To ga abin da na gani da jikina. Wallahi yana rage gajiya, daga gida in bi ta Gobarau in zagayo Ƙofar Soro in dawo numfashina bai sarƙe ba, da kuwa sai na nemi dakali na zauna a rabin hanya. Amma fa ba ya riƙe mutum, in ka yi tuntuɓe faɗuwa za ka yi da kai da injin, kuma ciwon gwiwa yana nan inda yake don shi aikinshi a kwankwaso yake. Cikin rairayi ma sai ya riƙa tura ƙafa gaba alhali ta nutse, shi ya sa nake bin kwalta kuma ban aje sandata ba. Sannan ba a sallah da shi, ruku'u da zaman tahiya ba su yiwuwa sai an kwance, ina ba jikana ya riƙe. Batirin kuma kar a bar shi a rana irin ta Katsina, ni da sola nake caji, fita kuma bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Likitan gashin ƙashi da na je wurinshi kafin in fara ya faɗa mani maganar da ta zauna mani, ya ce Baba in ka bar injin yana yi maka duka aikin naman cinyarka zai ƙara mutuwa. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mai shekara 65 zuwa sama ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, da atisayen tsayuwa daidai kwana 3 saboda gudun faɗuwa. Don haka ina tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa komai ba, ina tsayawa da ƙafa ɗaya riƙe da bango, injin kuma na rage mashi ƙarfi a hankali, yanzu wasu ranakun ko ɗaura shi ban yi.

Abin yana da tsada sosai, kuma raina yana ɓaci in na ji tsoho ya ce shi ba shi da mai sawo mashi don haka zai zauna a zaure. Maƙwabcina ya girme ni, sandar icce kawai gare shi, ya ga ina fita ya fara bi na, yau shi ke ƙwanƙwasa mani ƙofa kuma ƙafarshi ta saki ba kaɗan ba. Wanda kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki don Allah kar ƴaƴanshi su yi odar irin nawa ta intanet su ɗaura mashi, nasu daban ne, na asibiti irin HAL da kamfanin Cyberdyne ke yi a Japan, a gaban likita ake amfani da shi.