Ni na sa ɗalibata ta faɗi kuskure a kan Japan

Har yau idan na tuna yadda yarinyar nan ta waigo tana nemana da ido daga kan mumbari, sai in ji gabana ya faɗi. Laifina ne, ba nata ba.

Gasar muhawara ce ta makarantun sakandare, irin wadda ake kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, kowace makaranta ta yi magana da yawun wata ƙasa. Batun shi ne yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017. Da aka raba ƙasashe, Japan ta faɗo mana. Na ce wa yara tsuntsu daga sama gasasshe. Ƙasar da Amurka ta jefa wa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, bayan kwana uku ta ƙara a Nagasaki, wa zai fi ta bakin magana? Shi ya sa ban buɗe jerin ƙasashen da suka sa hannu ba. A ganina babu abin dubawa.

Mako uku muna shiri, da hannuna na rubuta layin farko na jawabin: Japan tana alfahari da shigarta wannan yarjejeniya. Yarinyar ta haddace shi tsaf, ta faɗe shi da murya mai daɗi. Tana gamawa sai yaron da ke wakiltar Meziko ya ɗaga hannu, cikin ladabi ya nemi ta gaya wa zauren ranar da Japan ta sa hannu. Wuri ya yi tsit. Ta juya takardarta gaba da baya, amsar ba ta ciki, don babu ranar. Japan ba ta sa hannu ba, ko zaman tattaunawar da ya haifi yarjejeniyar ma ba ta shiga ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, karatun da ya kamata in yi tun farko shi na zauna yi. Ashe yarjejeniya biyu na cakuɗa. Akwai ta hana yaɗuwar makaman, ta 1968, wadda ta bar Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin da nasu bisa alkawarin za su nemi hanyar kwance ɗamara. Wannan Japan ta amince da ita a 1976. Sabuwar kuwa, da ƙasashe 122 suka kaɗa wa ƙuri'a a Yuli 2017, ta fara aiki ranar 22 ga Janairu 2021, haramci ne ɗungurungum: kada a ƙera, kada a mallaka, kada a yi barazana da su, kada a taimaka wa mai yi. A nan gizo ke saƙa, domin tsaron Japan ya rataya ne a kan makaman Amurka. Ga Koriya ta Arewa da ta fara gwajin bam a 2006, ta harba makamai masu linzami ta saman tsibirin Hokkaido a 2017, ga kuma Sin a maƙwabtaka. Japan tana da ƙa'idoji uku kan makaman nukiliya tun zamanin Firaminista Sato a 1967, ba ta mallaka, ba ta ƙerawa, ba ta yarda a shigo mata da su, amma inuwar Amurka ba ta yarda ta fita daga cikinta ba.

Abin da ya ruɗe ni muryar waɗanda suka tsira daga bam ɗin ce. Su ne duniya ke ji, ƙungiyarsu Nihon Hidankyo ce ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, kuma sun daɗe suna roƙon gwamnatinsu ta sa hannu. Ni na ɗauki kukansu a matsayin manufar gwamnati. Zuciyata tana tare da tsofaffin nan har gobe, amma gwamnati aka ce mu wakilta.

Makarantar da aka ba Najeriya ta ƙara mini ciwo, don sun yi aikinsu. Sun kawo gwajin bam da Faransa ta yi a Reggane cikin hamadar Aljeriya a 1960, da yadda gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta katse hulɗa da Faransa a 1961, har da cewa Najeriya ta miƙa takardar amincewarta da sabuwar yarjejeniyar ranar 6 ga Agusta 2020, daidai cika shekara 75 da Hiroshima. Yaran wani sun san wannan duka, tawa kuwa na tura ta da zato.

Duk malamin da zai shirya yara irin wannan gasa, ya fara da jerin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ajiyewa, ya ga wa ya sa hannu, wa ya amince, don abu biyu ne daban. Minti biyar ya isa. Minti biyar ɗin nan na ƙi bayarwa.

Washegari ta same ni a ofishin malamai. Ta ce, "Malam, da ka gaya mini ainihin matsayinsu, da na kare shi ko da ban so ba." Na ce, "Gaskiyarki ne, 'yata, ki yafe mini." Ta ce babu komai, ta ajiye takardar jawabin a kan teburina ta fita. Ta riga ta ja jan biro a kan layin farkon.